Ƙasa a Matsayin Halitta Mai Rai: Tarihin Wata Siffantawa a Ilimin Labarin Ƙasa na Siyasa

1.0 Gabatarwa

Manazartan waƙa sun daɗe da bambance kamantawa da siffantawa. Idan mawaƙi ya ce sarki kamar giwa yake, ya yi kamantawa, domin kalmar "kamar" tana nan tsaye tana tunatar da mai sauraro cewa abubuwa biyu ne ake gwadawa. Idan kuwa ya ce sarki giwa ne, to ya yi siffantawa, watau ya ɗauke shingen da ke tsakanin abubuwan biyu. A fagen waƙa yin haka ba ya jawo wata ɓarna, tun da babu wanda zai tafi fada neman haure. Amma akwai fagagen da ɗauke wannan 'yar kalma yake da tsadar gaske, kuma fagen siyasar ƙasashe yana cikinsu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wata siffantawa guda wadda ta shiga ilimin labarin ƙasa na siyasa a ƙarshen ƙarni na 19, watau ra'in da ke cewa ƙasa halitta ce mai rai: ana haihuwarta, tana girma, tana buƙatar abinci, tana tsufa, tana kuma iya mutuwa. Za a duba inda wannan tunani ya samo asali, da yadda masana uku, Friedrich Ratzel da Rudolf Kjellén da Karl Haushofer, suka gina shi ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya haifar, da kuma wuraren da ya saɓa wa abin da tarihi ya nuna. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ra'in ya fara ne da adon harshe, sannan aka manta da haka aka riƙa karanta shi a matsayin dokar halitta wadda babu makawa sai an bi. Saboda haka batun ya shafi masana harshe kamar yadda ya shafi masana labarin ƙasa.

2.0 Kalmomin Aiki

Kafin mu tsunduma cikin bayani, ya kamata mu daidaita kalmomi. Jamusanci, wanda da shi aka rubuta mafi yawan abin da za mu tattauna, yana da kalmomi daban-daban ga abubuwan da Hausa takan haɗa a baki ɗaya. Akwai Boden, watau turɓayar da ake nomawa, da Raum, watau fili ko sarari, da Volk, watau al'umma, sannan da Staat, watau tsarin mulkin da ke da iko a kan wani yanki da mutanensa. Hausa kuwa tana iya cewa "ƙasa" tana nufin turɓaya, ko yanki, ko hukumar da ke mulkinsa, ko ma ɓangaren da ke kishiyantar sama. Kalmar "daula", wadda muka aro daga Larabci, ta fi karkata ga gidan mulki da zamaninsa, kamar yadda ake cewa Daular Usmaniyya ko Daular Borno.

A wannan maƙala, duk inda aka ce "ƙasa" ana nufin Staat, watau yanki mai iyaka da jama'a da hukuma mai cin gashin kanta. Inda ake nufin shimfiɗar da ƙasar ke zaune a kai, za a ce "fili". Kalmar Lebensraum za a fassara ta da "filin rayuwa", ita kuma Geopolitik za a bar ta yadda take, tare da fahimtar cewa tana nufin nazarin yadda fili ke juya akalar siyasar ƙasa.

3.0 Tsohuwar Kamantawa

Kwatanta al'umma da jikin mutum ba sabon abu ba ne. Masanin tarihin Rum, Livy, ya ba da labarin yadda a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa talakawan Rum suka yi yaji suka fice daga birni, sai aka aika masu wani dattijo, Menenius Agrippa, ya ba su tatsuniyar gaɓoɓin da suka yi wa ciki tawaye suka daina kai masa abinci, har su ma suka rame. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, ya kamanta nagartaccen birni da lafiyayyen jiki, shugaba yana matsayin zuciya. A Ingila, John na Salisbury ya rubuta littafinsa Policraticus a 1159, inda ya mai da sarki kai, majalisa zuciya, sojoji hannu, manoma kuwa ƙafafu. Akwai kuma sanannen hadisin da ya kamanta muminai da jiki guda wanda ciwon gaɓa ɗaya ke hana saura barci.

Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ƙara wani abu. A ganinsa daula tana da ajali kamar mutum, kuma galibi ba ta wuce zuriya uku, kowace zuriya shekara 40, jimla 120. Zuriyar farko ta san wahala tana da asabiyya, ta biyu ta tashi cikin daɗi, ta uku ta manta da yadda aka kafa mulkin. Ya kuma lura cewa kowace daula tana da iyakar yankunan da za ta iya riƙewa gwargwadon yawan mutanen da ke goyon bayanta.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan kamantawa cikin gida suke kallo. Tambayar da suke amsawa ita ce yadda gaɓoɓi za su zauna da juna, da haƙƙin kai a kan ƙafa, da na ƙafa a kan kai. Gaskiya ne sau da yawa masu mulki ne suka fi cin moriyarsu, kamar yadda tatsuniyar Agrippa ta mayar da talakawa bakin aiki. Duk da haka, jikin da suke zance jikin mutum ne, mai hankali, wanda za a iya tuhuma idan ya yi zalunci. A istilahin nazarin adabi, abin da suka yi mutuntarwa ce. Abin da ƙarni na 19 ya zo da shi kuwa ya fi kusa da dabbantarwa.

4.0 Friedrich Ratzel

An haifi Ratzel a birnin Karlsruhe a 1844, ya rasu a 1904. Asalin karatunsa ilimin dabbobi ne, kuma a kansa ya sami digirin dakta a 1868, shekara tara bayan Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu. A wancan zamani babu fannin da bai ari kalmomin ilimin halittu ba. Herbert Spencer ya riga ya wallafa maƙala a 1860 yana kwatanta al'umma da halitta, wani masanin shari'a ɗan Siwizalan kuma, Johann Bluntschli, ya kai ga cewa ƙasa namiji ce, coci kuwa mace.

Abubuwa biyu suka juya Ratzel daga dabbobi zuwa ƙasashe. Na farko, tafiyar da ya yi Amurka da Meziko tsakanin 1873 da 1875 a matsayin wakilin wata jaridar Jamus, inda ya ga ƙasa tana miƙewa daga wannan teku zuwa wancan, layin dogo yana gaba, manoma suna biye, mutanen asali kuma ana ture su. Na biyu, halin da ƙasarsa ke ciki. Jamus ta haɗu ta zama ƙasa ɗaya ne a 1871 da mutane kimanin miliyan 41, waɗanda suka kai kusan miliyan 65 a 1910. Masana'antu suna bunƙasa, jama'a suna ƙaura zuwa Amurka, ga shi Ingila da Faransa sun riga sun kwashe mafi yawan yankunan mallaka. Ratzel yana cikin masu ganin lallai Jamus ta sami nata rabon.

Daga 1886 ya koma koyarwa a Jami'ar Leipzig, inda ya rubuta Politische Geographie, wanda ya fito a 1897, littafin da ake ɗauka a matsayin tushen wannan fanni. A cikinsa ya bayyana ƙasa a matsayin halitta mai saiwa a cikin turɓaya, watau haɗin wani yanki na bil Adama da wani yanki na doron duniya. A 1901 ya fitar da maƙalarsa Der Lebensraum, wadda galibinta a kan tsirrai da dabbobi take. Jigonta shi ne, kowane jinsi yana buƙatar fili gwargwadon yawansa, kuma tun da faɗin duniya ba ya ƙaruwa, gwagwarmayar rayuwa a haƙiƙa gwagwarmayar neman fili ce.

4.1 Dokokin Girman Ƙasa

A wata maƙala ta 1896, Ratzel ya jera abin da ya kira dokokin faɗaɗar ƙasashe guda bakwai. Ga taƙaitaccen abin da suka ƙunsa:

(i) Faɗin ƙasa yana ƙaruwa gwargwadon ci gaban al'adunta.
(ii) Faɗaɗar ƙasa tana biyo bayan wasu alamomin bunƙasar jama'a, kamar ciniki da yaɗuwar tunani da addini.
(iii) Ƙasa tana girma ta hanyar haɗiye ƙananan yankuna.
(iv) Iyaka gaɓa ce ta wajen jikin ƙasa, ita ke nuna girmanta, ita ke kare ta.
(v) Ƙasa mai girma tana neman wurare masu daraja, kamar gaɓar teku da kwarin kogi da yankunan albarkatu.
(vi) Zaburarwar farko zuwa ga faɗaɗa daga waje take zuwa wa ƙaramar al'umma.
(vii) Ɗabi'ar haɗiye yankuna tana yaɗuwa daga ƙasa zuwa ƙasa, tana ƙara ƙarfi.

Doka ta huɗu ita ce ta fi muhimmanci ga bahasinmu. Idan iyaka fata ce, to ba za ta tsaya wuri ɗaya ba, domin fatar yaro tana buɗewa yayin da yake girma. Ke nan duk yarjejeniyar da ta tsayar da iyaka ta wucin gadi ce, tana nuna ƙarfin ɓangarorin biyu ne a ranar da aka sa hannu kawai. Haka kuma, idan haɗiye maƙwabci girma ne, to babu laifi a cikinsa, kamar yadda ba a kai kura kotu don ta ci akuya. Doka ta shida kuwa ta yi daidai da abin da Turawa ke aikatawa a lokacin. Jamus ta kafa tutarta a Kamaru a 1884, kuma yarjejeniyar da ta ƙulla da Ingila a 1893 ta tsaga masarautar Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingilishi, mafi yawan yankunanta kuwa suka faɗa hannun Jamusawa. Mai karanta Ratzel a Leipzig zai iya kallon wannan a matsayin halitta tana bin ɗabi'arta.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Ratzel bai saki kalmar "kamar" gaba ɗaya ba. Ya yi gargaɗi cewa ƙasa halitta ce mai naƙasa ƙwarai idan aka gwada ta da dabba, domin mutanen da suka haɗa ta kowa yana da 'yancin kansa, kuma abin da ke ɗaure su na ruhi ne da ɗabi'a. Sai dai gargaɗi a tsakiyar babban littafi ba ya tafiya nesa kamar jerin dokoki bakwai. Ɗalibarsa Ba'amurkiya, Ellen Churchill Semple, ta hango matsalar, domin da ta gabatar da koyarwarsa ga masu karatun Ingilishi a 1911, da gangan ta zubar da batun halitta mai rai.

5.0 Daga Kjellén Zuwa Haushofer

Rudolf Kjellén (1864-1922) malamin kimiyyar siyasa ne ɗan Suwidin, ya koyar a Gothenburg da Uppsala, ya kuma zauna a majalisar dokokin ƙasarsa a ɓangaren 'yan mazan jiya. Shi ya ƙirƙiro kalmar Geopolitik a 1899. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ya fitar da littafin da sunansa ke nufin ƙasa a matsayin nau'in rayuwa, aka fassara shi zuwa Jamusanci a 1917. Ƙorafinsa shi ne, malaman shari'a sun mai da ƙasa tarin dokoki a kan takarda, alhali ita mai rai ce, mai son rai, wadda ƙarfi ya fi doka muhimmanci a gare ta. Ya kasa nazarinta kashi biyar: fili, jama'a, tattalin arziki, zamantakewa da mulki. Fili shi ne gangar jikinta, don haka rasa wani yanki daidai yake da yanke gaɓa. Ya kuma ɗaukaka manufar ƙasa ta wadatu da kanta, kada ta dogara da kowa wajen abinci ko kayan masana'antu. A hannun Kjellén siffantawar ta cika, gargaɗin Ratzel ya koma gefe.

Wannan koyarwa ta isa Jamus a daidai lokacin da kunnuwa ke buɗe. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta raba Jamus da kimanin kashi 13 cikin ɗari na filinta na Turai, da kimanin kashi 10 cikin ɗari na jama'arta, da dukkan yankunanta na mallaka. Aka riƙa kiran iyakar gabas "iyaka mai zubar da jini", ana buga taswirori masu nuna ƙasar kamar jikin da aka daddatsa. Mutumin da ya tsara wannan ɓacin rai ya mai da shi darasin jami'a shi ne Karl Haushofer (1869-1946), tsohon janar na sojan Bavaria wanda ya taɓa zama a Japan, ya dawo yana koyarwa a Jami'ar Munich. A 1924 ya kafa mujallar Zeitschrift für Geopolitik. A wannan shekarar ce kuma ya riƙa ziyartar ɗalibinsa Rudolf Hess a kurkukun Landsberg, inda yake tsare tare da Adolf Hitler. Littafin Hitler, Mein Kampf, wanda ya fito kashi biyu a 1925 da 1926, ya ɗauki kalmar filin rayuwa, ya kuma nuna inda za a samo shi, watau gabashin Turai da Rasha.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An haɗiye Ostiriya a Maris na 1938, an yanki Cekoslobakiya a ƙarshen shekarar, an afka wa Folan a ranar 1 ga Satumba, 1939, sannan Tarayyar Sobiyat a ranar 22 ga Yuni, 1941. Tarayyar Sobiyat kaɗai ta yi asarar rayuka kimanin miliyan 27. Siffantawar kuma ta juyo cikin gida da wata fuska: idan al'umma jiki ce, to wanda ba a so ƙwayar cuta ne, kuma ba a yin shawara da cuta. Da irin wannan harshe aka share fagen kashe Yahudawa miliyan 6. Wani masanin harshe na Dresden, Victor Klemperer, ya riƙa rubuta kalmomin wannan mulki a ɓoye, ya wallafa nazarinsa a 1947.

Bai kamata a ɗora wa Ratzel ko Haushofer dukkan wannan nauyi ba. Mark Bassin ya nuna a wata maƙala ta 1987 cewa akwai saɓani na asali tsakanin masu Geopolitik, waɗanda suka fifita tasirin fili, da 'yan Nazi, waɗanda suka fifita jini da launin fata. Haushofer ya fi son ƙawance da Rasha da Japan, don haka harin 1941 ya saɓa wa shawararsa. An kashe ɗansa Albrecht a Afrilun 1945 bisa zargin alaƙa da masu adawa da Hitler, shi da matarsa kuma suka kashe kansu a Maris na 1946. Amma ko da malaman ba su tsara yaƙin ba, su suka ba wa kwaɗayi rigar ilimi.

6.0 Inda Ra'in Ya Yi Tuntuɓe

Hanya mafi sauƙi ta auna siffantawa ita ce a bi ta gaɓa-gaɓa a ga inda ta daina dacewa.

Da farko, a jikin dabba gaɓoɓi suna rayuwa ne domin jiki, kuma hanta ba ta da ra'ayi. A ƙasa kuwa kowane mutum yana da hankali da jin zafi na kansa. Spencer da kansa ya amince da wannan bambanci, ya ce saboda haka al'umma ce ke wanzuwa domin mutanenta. Ɗan ƙasa yana iya ƙaura, yana iya riƙe fasfo biyu, yana iya ƙin yarda, abin da yatsa ba ya iyawa.

Na biyu, halitta idan ta mutu ta mutu ke nan. Folan kuwa maƙwabtanta uku sun raba ta a 1772 da 1793 da 1795 har ta ɓace daga taswira, sannan ta dawo a 1918 bayan shekara 123. Cekoslobakiya ta rabu gida biyu a ranar 1 ga Janairu, 1993 ta hanyar yarjejeniya, ba a zubar da jini ba, kowane ɓangare kuma ya ci gaba da harkarsa.

Na uku, doka ta bakwai ta yi hasashen cewa ƙasashe za su riƙa raguwa a yawa suna ƙaruwa a faɗi. Akasin haka aka gani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara da ƙasashe 51 a 1945, ta kai 193 da shigar Sudan ta Kudu a 2011. Manyan daulolin mallaka sun wargaje, Tarayyar Sobiyat ma ta rabu gida 15 a 1991.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, ba a tabbatar da cewa wadata tana bin faɗin fili ba. Jamus ta 1937 tana da faɗin murabba'in kilomita kimanin 470,000. Jamus da ta sake haɗewa a 1990 tana da kimanin 357,000, amma tana ɗauke da mutane fiye da miliyan 80, tattalin arzikinta kuma ya fi na kowace ƙasa girma a Turai. Singafo, wadda ta zama ƙasa a 1965 a kan tsibirin da bai kai murabba'in kilomita 800 ba, tana cikin ƙasashen da mutanensu suka fi samun kuɗin shiga a duniya. Takin zamani da ingantaccen iri da ciniki sun warware lissafin da ke cewa ƙarin baki sai da ƙarin gona.

Bayan 1945 masana fannin sun sauya hanya. Richard Hartshorne, a 1950, ya ba da shawarar a riƙa nazarin ƙasa ta fuskar aikinta, a auna abubuwan da ke haɗa kan yankunanta da waɗanda ke raba su. Dokar duniya ma ta bi wannan layi. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta amfani da ƙarfi a kan yankin wata ƙasa, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kuma ta yanke shawara a Alƙahira a 1964 cewa za a mutunta iyakokin da aka gada. Duk da haka ra'in bai mutu ba. Ya sami mafaka a makarantun soja na Kudancin Amurka, inda Janar Golbery do Couto e Silva na Birazil ya fitar da littafinsa a 1967, Augusto Pinochet na Cile kuma ya fitar da nasa a 1968, shekara biyar kafin ya yi juyin mulki. Gwamnatocin soja na yankin sun riƙa kiran 'yan adawa ciwon daji da ya wajaba a yanke. A Rasha ma, littafin Aleksandr Dugin na 1997 ya farfaɗo da tunanin Haushofer a fili.

7.0 Abin da Ya Shafi Mai Nazarin Hausa

Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan duka zancen Turai ne. Amma kayan da aka gina ra'in da su suna nan a cikin harshenmu. George Lakoff da Mark Johnson sun nuna a 1980 cewa siffantawa tana cikin maganar yau da kullum, tana kuma tsara yadda mutane ke tunani. Mu duba Hausa. Muna cewa bakin iyaka, bakin teku, cikin gari, bayan gari, gindin dutse, cibiyar mulki. Sunayen ƙasashe duk mata ne a nahawu, mutanensu kuma 'ya'yansu ne, shi ya sa muke cewa ɗan ƙasa. Muna da ƙasashe masu tasowa, kamar samari, da tattalin arzikin da ke durƙushewa ya farfaɗo, da ƙasar da ta tsaya da ƙafafunta.

Abin da ya fi jan hankali shi ne aikatau "ci". Bahaushe yana cin tuwo, yana cin zaɓe, yana cin sarauta, yana cin gari da yaƙi. Muna cewa Turawa sun ci Kano a 1903, manomin da ya shiga gonar maƙwabcinsa kuma mu ce ya yi cin iyaka. Philip Jaggar da Malami Buba sun yi nazari a 2009 kan yadda ma'anar "ci" ta faɗaɗa zuwa rinjaye, ta "sha" kuma zuwa ɗanɗana abin da ya auka wa mutum. Ke nan doka ta uku ta Ratzel, wadda ta ce ƙasa tana girma da haɗiye ƙanana, ba za ta yi wa kunnen Bahaushe baƙunta ba. Sai dai Hausa ta ajiye wani abu da ra'in ya zubar, domin da wannan aikatau ɗin take cewa cin amana da cin zali da cin haram. A wurinta, ci aiki ne da ake yi wa hisabi.

A nan ne nauyi ya hau kan mai fassara da ɗan jarida da malamin aji. Tun da kalmar "ƙasa" tana haɗa turɓaya da jama'a da hukuma, jumla kamar "ƙasar ta fusata" ko "ƙasar tana buƙatar hanyar fita teku" tana ɓoye ainihin mai aikin. Turɓaya ba ta fushi. Wasu mutane ne masu suna da muƙami suka yanke shawara, wasu kuma da ba a tambaye su ba za su biya. Ba ana cewa a daina irin waɗannan jumloli ba ne, domin harshe ba ya tafiya sai da su. Ana cewa ne a riƙa iya warware su duk lokacin da aka gina hujjar yaƙi ko ta korar wasu mutane a kansu.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa kwatanta ƙasa da jiki tsohon salo ne wanda magabata suka yi amfani da shi don bayyana zaman tare da ajalin dauloli. An nuna yadda Ratzel, da ilimin dabbobin da ya taso da shi, ya ɗaure wannan jiki da fili ya ba shi yunwa, da yadda Kjellén ya cire shakkar da ta rage, da yadda Haushofer ya kai koyarwar kusa da masu neman hujjar mamaya. An kuma auna ra'in da abin da ya faru a Folan da Jamus da Singafo, aka ga bai tsaya ba. Ƙasa yarjejeniya ce ta mutane a kan wani fili, su suke ƙulla ta, su suke gyara ta, kuma su ake tambaya idan ta yi ɓarna. Akwai buƙatar masana harsunan Nijeriya su tattara kalmomin jiki da na ci da ake amfani da su a zancen siyasa a Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da sauransu, a kwatanta su, a ga wuraren da kowane harshe ke riƙe "kamar" da wuraren da yake sakinta.